John Moses Browning: Maƙerin da bindigarsa ta harba harsasai 6,000 ba ta cije ba

A watan Maris na shekarar 1911, wani kwamitin hafsoshin sojan Amurka ya zauna a ma'aikatar ƙera makamai ta Springfield da ke jihar Massachusetts, domin yanke hukunci a kan wata takara da aka shafe shekara huɗu ana fafatawa. Ƙananan bindigogi biyu ne suka rage a fage, ta kamfanin Colt da ta kamfanin Savage. Sharaɗin gwajin ba shi da wuyar faɗa: kowace bindiga za ta harba harsasai 6,000. In ta yi ɗari sai a bar ta ta huce na minti biyar, in ta cika dubu a goge ta, a sa mata mai, a ci gaba. Ana kuma rubuta duk lokacin da bindiga ta cije, ko ta kasa tofar da kwanso, ko wani ƙarfe ya karye a cikinta. Da aka kammala, an ƙirga wa Savage tangarɗa 37. Shafin Colt kuwa fari fat, ko ɗaya babu.

Wanda ya tsara bindigar da ta yi nasara yana wurin, yana kallo. Dogon mutum ne mai sanƙo da gashin baki, ɗan shekara 56, sunansa John Moses Browning. Ba ma'aikacin Colt ba ne, bai kuma taɓa mallakar babbar masana'anta ba. Sana'arsa ita ce ya ƙirƙiro bindiga, ya ƙera samfurinta, ya kai wa masu masana'anta su buga ta dubbai. Kafin rasuwarsa ya yi rajistar mallakar fasaha har 128 a fannin bindigogi.

An haife shi ran 23 ga Janairun 1855 a garin Ogden, cikin yankin Utah da ke yammacin Amurka, tun kafin yankin ya zama jiha. Mahaifinsa, Jonathan Browning, maƙerin bindiga ne daga cikin mabiya ɗarikar Mormon da suka yi ƙaura zuwa yamma bayan an kore su daga jihar Illinois. Yana da mata uku da 'ya'ya masu yawa, don haka maƙerar ba ta rasa hannuwa. John ya fara shiga cikinta yana ɗan shekara bakwai, karatunsa na makaranta kuwa bai yi nisa ba. Ana ba da labarin cewa yana da shekara goma ya harhaɗa bindigarsa ta farko da tarkacen da aka zubar, har ya harbo tsuntsaye da ita, amma da uban ya juya ta a hannu sai ya kushe ƙirar maimakon ya yaba.

Abin lura a nan shi ne irin aikin da ake yi a shagon. Yawancinsa gyara ne. Garin yana kan hanyar matafiya, bayan 1869 kuma ya zama mahaɗar layin dogon da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma, saboda haka bindigogi iri-iri ke zuwa teburin, kowace da ciwonta. Wata sifirin ya mutu, wata tsatsa ta ci, wata ƙura ta toshe, wata kuma tun asali an cika ta da ƙananan ƙarafan da ba su da amfani. Yaron da ya girma a irin wannan wuri bai fara sanin bindiga tana sabuwa a kanti ba, ya fara saninta ne bayan ta sha wuya a hannun mafarauci da makiyayi. A ganina wannan makarantar ce ta fi kowace tasiri a kan duk abin da ya ƙera daga baya.

A 1878 ya tsara wata doguwar bindiga mai cin harsashi ɗaya, ya sami takardar mallakarta a watan Oktoban 1879. A wannan shekarar ce ya auri Rachel Child, a cikinta kuma mahaifinsa ya rasu, nauyin gida ya dawo kansa. Shi da 'yan'uwansa, musamman ƙanensa Matthew wanda ya riƙe harkar kuɗi, suka kafa ɗan ƙaramin kamfani suna ƙera bindigar da hannu suna sayarwa. Ɗaya daga cikinsu ta faɗa hannun kamfanin Winchester. A 1883 babban jami'in kamfanin, T. G. Bennett, ya yi tattaki har Ogden, ya sayi haƙƙin ƙera ta a kan dala 8,000.

Kusan shekara ashirin ke nan Browning yana yi wa Winchester zane. Daga hannunsa aka sami bindigogin farauta samfurin 1886 da 1892 da 1894, ta ƙarshen nan an sayar da miliyoyinta. Kamfanin ya riƙa sayen duk abin da ya kawo, har da waɗanda bai da niyyar ƙerawa, don kada su faɗa hannun abokan hamayya. A tsakiyar wannan zamani, daga 1887 zuwa 1889, ya ajiye guduma ya tafi jihar Georgia aikin wa'azi na cocinsa. Bai saba zana cikakken taswirar injiniya ba. Yakan yanka siffar ƙarafan a takarda ko gwangwani, ya jera su ya ga yadda za su motsa, sannan ɗan'uwansa Ed ya fitar da su a inji, shi kuma ya bi da magagari yana gyarawa har su zauna.

Bayan dawowarsa daga Georgia ne ya lura da wani abu a filin harbi. Duk lokacin da aka yi harbi, iskar da ke fita daga bakin bindiga takan kwantar da ciyawar da ke gabanta. Ya ga ƙarfi ne ke tafiya a banza, wanda da an sarrafa shi zai iya fitar da kwanso ya ɗora sabon harsashi ba tare da hannun mutum ba. Daga nan ya shiga fagen bindigogi masu sarrafa kansu. Mashinga samfurin 1895 da Colt ya ƙera ita ce ta fara fitowa, sai kuma hankalinsa ya koma kan ƙaramar bindiga ta hannu.

A lokacin libarba ce ke mulkin wannan fage, wato mai tulu mai juyawa da ke cin harsashi shida. Jama'a sun amince da ita domin yatsan mai harbi ne ke juya tulun, in harsashi ɗaya ya ƙi tashi sai a sake jan kunama a wuce na gaba. Aibinta shi ne jinkiri wajen sake ɗurawa. Masu sarrafa kansu da suka fara fitowa a Turai kuwa sun fi sauri, amma kowa na shakkar su, domin aikinsu ya dogara ne a kan ƙarfin harsashin kansa. In albarushi ya yi rauni, ko datti ya shiga, sai komai ya tsaya cik.

Kamfanonin Amurka ba su yi ɗokin ƙaramin samfurinsa na aljihu ba, sai wani kamfani na ƙasar Beljiyam, Fabrique Nationale, wanda aka fi sani da FN, da ke Herstal kusa da birnin Liège, ya ƙulla yarjejeniya da shi a 1897. Bindigar ta karɓu a Turai matuƙa, har sunan Browning ya zama kalmar da Faransawa ke kiran kowace ƙaramar bindigar aljihu da ita. A 1902 ya ɓata da Winchester, saboda ya nemi a riƙa ba shi kaso a kan kowace bindiga da aka sayar daga wata sabuwar bindigar harbin tsuntsaye mai sarrafa kanta, su kuma suka ƙi. Ya nufi kamfanin Remington, amma shugaban kamfanin, Marcellus Hartley, ya rasu kwatsam a ranar da za su gana. Sai ya ɗauki bindigarsa ya haye teku zuwa Beljiyam. Wannan bindiga, Auto-5, an ci gaba da ƙera ta har ƙarshen shekarun 1990.

Takarar da ta ƙare a Springfield kuwa daga tsibiran Filifin ta samo asali. Amurka ta karɓe su daga hannun Sifaniya a 1898, ta kuma shiga yaƙi da mazauna ƙasar, ciki har da Musulmin kudancin tsibiran da ake kira Moro, waɗanda suka daɗe suna bijire wa mulkin baƙi. Sojojin Amurka suka riƙa aiko da ƙorafi cewa libarbarsu mai harsashi .38 ba ta tsayar da mayaƙin da ya taso musu da takobi, ko da an same shi fiye da sau ɗaya. Rundunar ta koma rumbunanta ta fito da tsofaffin libarba masu harsashi .45. A 1904 ta sa John T. Thompson da likitan soja Manjo Louis LaGarde su yi bincike, suka gwada harsasai iri-iri a kan shanu a mayankar Chicago da kuma gawawwaki, suka ba da shawarar kada faɗin harsashin ya gaza .45 na inci, wato milimita 11 da ɗoriya. Browning ya tsara harsashi mai wannan faɗin wanda zai dace da bindiga mai sarrafa kanta.

An buɗe gwaji a 1907. Cikin waɗanda suka shiga har da Georg Luger na Jamus, wanda bindigarsa ta riga ta yi suna a Turai. Kwamitin bai tsaya ga auna saiti kawai ba. An busa wa bindigogin ƙura da yashi, an jiƙa su an bar su suka yi tsatsa, an ɗura musu harsasai masu ƙarancin albarushi da masu yawansa, an kuma auna lokacin da soja zai ɗauka ya kwance kowace ya sake haɗa ta. Uku suka tsallake: Colt da Savage da Luger. Da aka nemi kowane kamfani ya kawo 200 don a rarraba wa dakaru su gwada a bakin aiki, Jamusawan suka janye.

Kwatanta waɗannan ukun yana nuna abin da ke sa bindiga ta jure ko ta gaza. Luger ƙira ce ta gwaninta, ƙarafanta sun zauna daram kamar na agogo, bayanta kuma yana lanƙwashewa sama kamar gwiwa a duk harbi. Amma wannan matsewar ba ta bar wa datti wurin zama ba, tana kuma son harsashi mai ƙarfi daidai wa daida, ga tsadar ƙira. Jamus ta ɗauke ta a 1908, daga baya ta nemi mai sauƙin ƙerawa ta koma ga Walther P38. Savage tana cin harsashi fiye da Colt, sai dai tsarinta bai kulle bututu da kyau ba a lokacin tashin harsashi, don haka dukan da take yi wa hannun mai harbi da wanda take yi wa ƙarafanta ya yi yawa. Harsashi ɗari ba zai tona wannan ba, sai an kai dubbai.

Dabarar Browning ita ce murfin ƙarfe mai zamewa wanda ya lulluɓe bututun. Idan harsashi ya tashi, bututu da murfi suna ja da baya tare a kulle na 'yan milimitoci, daidai lokacin da harsashin zai fice, zafin matsin iskar ya ragu. Sai wata 'yar maɗaura ta ja gindin bututun ƙasa, kullin ya saki, murfin ya ci gaba shi kaɗai, ya fizgo kwanso ya jefar, ya ɗana gudumar, sifirin ya dawo da shi gaba ya kwaso sabon harsashi daga gidansa. Ƙarafan manya ne, kaɗan ne, an kuma bar musu ɗan sarari a inda ƙura za ta iya taruwa. Soja yana iya kwance ta don gogewa ba tare da wani kayan aiki ba.

Kada a ɗauka haka ta faɗo daga sama. Samfurin da ya shiga gwajin 1907 yana da maɗaura biyu, gaba da baya, wani ɗan ƙarfe guda kuma shi ke riƙe murfin. In ya karye, murfin zai iya ficewa ta baya ya doki fuskar mai harbi. Browning ya cire maɗaura ɗaya, ya sake tsarin yadda murfin ba zai fita ba sai ta gaba. Sojan doki suka nemi makullin da zai hana ta tashi in ba a damƙe ta a hannu ba, ya sa. Aka nemi wani na babban yatsa, ya ƙara. Ya kuma gyara karkatar mariƙin. Duk da haka, a gwajin watan Nuwamban 1910 bindigogin biyu sun karya ƙarafa, kwamitin ya mayar da su duka. Browning ya tare a masana'antar Colt da ke Hartford yana bin kowane ɓangare da ya gaza, har zuwa ranar da aka koma Springfield. Bayan harsasai 6,000 ɗin ma an ƙara gwada ta da lanƙwasassun harsasai da tsatsa. Ran 29 ga Maris, 1911, rundunar ta amince da ita a hukumance da sunan M1911. Tana cin harsashi bakwai, nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya.

Mai hankali zai iya cewa bindiga ɗaya ce aka gwada, wadda aka ƙera a gaban mai ita, aka kuma riƙa shafa mata mai a kan kari. Gaskiya ne. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ta zo ne a ramukan Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikin laka da ruwan sama. Da ita Kofur Alvin York ya kare kansa ran 8 ga Oktoban 1918, sa'ad da wasu sojan Jamus suka taso masa da banati, a faɗan da ya ƙare da kama fursunoni 132. A Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera kusan miliyan 1.9, kuma mafi yawansu ba daga Colt suka fito ba. Kamfanin Remington Rand mai ƙera tafireta shi ya fi kowa yawa, wani kamfanin kayan siginar jirgin ƙasa ya yi nasa, har Singer mai keken ɗinki ya ƙera 500. Ƙa'idar ita ce ƙarfen da ya fito daga wannan masana'anta ya shiga bindigar waccan ya yi aiki. Ƙirar da za ta jure hannun maƙera daban-daban cikin gaggawar yaƙi ta fi wadda ta ci gwaji sau ɗaya.

Sojan Amurka ba su sake sayen sababbi da yawa ba bayan 1945. Waɗannan ɗin dai aka riƙa yi wa kwaskwarima, ana sauya bututu da sifirin da gidan harsashi, aka kai su Koriya, aka kai su Biyetnam. A ƙarshe da yawansu sun saki, suna ƙara in an girgiza su, saitinsu ya ragu, har wasu sojojin suka raina su. Ƙarfe ma yana tsufa. A 1985 aka maye gurbinta da Beretta M9, domin a daidaita da harsashin milimita 9 na ƙungiyar NATO, a kuma sami mai cin 15. Ba a daɗe ba murfin wasu 'yan ƙalilan daga cikin sababbin ya tsage ya doki masu harbi a fuska, sai da aka yi wa ƙirar gyara. Irin haɗarin da Browning ya toshe ke nan tun shekara saba'in da biyar da suka gabata.

Mu koma ga mutumin. A farkon 1914 FN ta yi bikin ƙera ƙaramar bindigar Browning ta miliyan ɗaya, Sarki Albert na Beljiyam ya ba shi lambar girma ta ƙasar. Watanni kaɗan bayan haka, ran 28 ga Yuni, wani matashi mai suna Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, da matarsa Sophie a birnin Sarayebo da FN samfurin 1910, ƙirar Browning. Ita ma ba ta cije ba. Yaƙin da ya biyo baya ya kawo sojan Jamus har cikin masana'antar Herstal.

Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, ya kawo mashinga mai sanyaya bututu da ruwa. A gwajin Springfield ta harba harsasai 20,000 ba tangarɗa, sai ya sake zuba mata wasu 20,000. Da aka yi zargin ko an yi wa wannan ɗin shiri na musamman ne, ya ɗauko ta biyu, ta yi ta aiki babu tsayawa fiye da minti 48. Ɗansa Val, wanda hafsa ne a lokacin, shi ya koya wa dakaru amfani da makaman uban a Faransa. Babbar mashinga mai harsashi .50 da ya fara tsarawa a 1918 tana aiki a rundunoni da dama har yau, kuma bindigogi takwas da ke fikafikan jiragen Spitfire da Hurricane na Birtaniya a 1940 daga zanensa suka fito.

Aikinsa na ƙarshe a kan ƙaramar bindiga ya zo da wani abin mamaki. Sojan Faransa sun nemi mai cin harsashi da yawa, FN ta miƙa masa aikin, amma ya riga ya sayar wa Colt haƙƙin dabarun da ke cikin M1911, dole ya nemi hanyar kauce wa fasaharsa ta kansa. Yana cikin wannan ne, ran 26 ga Nuwamban 1926, ciwon zuciya ya kama shi a masana'antar FN, ya rasu a ofishin ɗansa Val yana da shekara 71. An dawo da gawarsa Amurka, aka binne shi a Ogden. Takardar mallakar wannan ƙira ta fito a watan Fabrairun 1927, bayan ba ya duniya.

Mataimakinsa ɗan Beljiyam, Dieudonné Saive, shi ya ƙarasa aikin. Gidan harsashi mai jeri biyu nasa ne, kuma da wa'adin haƙƙin Colt ya ƙare ya dawo da wasu dabarun M1911 cikinta. A 1935 ta fito da sunan Hi-Power, tana cin harsashi 13 na milimita 9, an kuma maye gurbin 'yar maɗaurar nan da wata tsaga a gindin bututun, ƙarfe ɗaya mai motsi ya ragu ke nan. A Yaƙin Duniya na Biyu ɓangarorin biyu duk sun riƙe ta: Jamusawa suna ƙera ta a Herstal da suka mamaye, kamfanin Inglis kuma yana ƙera wa ƙawance a Toronto ta Kanada. Bayan yaƙin rundunonin ƙasashe fiye da 50 sun ɗauke ta, har da ta Najeriya. Sojan Birtaniya sun riƙe ta kusan shekara sittin, sai a 2013 suka sauya ta da Glock 17 ta Ostiriya, mai gangar jikin roba, wadda ita ma bututunta ke kullewa da murfi ya sunkuya ƙasa a kan tsarin Browning.